Rage yawan yara a aji zai sa 'ya'yanmu su kamo 'ya'yan masu hali?

Wata 'yar'uwa da ke zaune a Bronks, wani yanki na birnin Niyok a Amurka, ta turo min tambaya, ga ta a taƙaice: "Malama, ɗana yana aji biyu a makarantar gwamnati, su 28 ne a ajinsu, kuma har yanzu karatu yana masa wuya. An ce mana akwai dokar da za ta mayar da su 20. Ni dai so nake in sani, da gaske ne in an rage yara a aji 'ya'yan talakawa da mu da muka zo daga waje za su kamo 'ya'yan masu hali, ko dai zancen 'yan siyasa ne da ƙungiyar malamai?"

Wa'alaikumussalam Hajiya, Allah ya raya mana shi ya buɗa masa kai. Ni malamar firamare ce, na koyar a gida Najeriya kafin in zo nan, kuma a nan ɗin ma yawancin shekaruna a aji ɗaya da aji biyu na yi su, dan haka maganar nan ba daga nesa nake hangen ta ba. Amsar a gajarce: eh, da gaske ne yana taimakawa, kuma yara irin ɗanki su suka fi kowa amfana. Amma fa ba kowane irin ragi ba. Sai an yi shi tun yara suna ƙanana, ragin ya zama mai yawa ba a cire biyu a ce an rage ba, a fara da makarantun talakawa, sannan malamin da za a ba sabon ajin ya zama ya iya aikin. In aka rasa na ukun da na huɗun, wallahi dokar da aka yi dan taimakon talaka tana iya komawa ta cutar da shi, kuma an taɓa yi, zan ba ki labarin.

Bari in fara da tazarar ita kanta tukunna. A Amurka akwai jarrabawar da gwamnatin tarayya ke yi wa samfurin yara a aji huɗu da aji takwas, ana ce mata NAEP, ba ta shafi makin yaro a makaranta ba, aunawa kawai ake yi a ga ina ƙasa ta dosa. Shekara da shekaru abin da take nunawa iri ɗaya ne, yaran gidajen marasa hali suna baya da na masu hali, baƙaƙen fata da 'yan asalin Latin Amurka suna baya da farare in aka ɗauki jimilla. Wani mai bincike a jami'ar Stanford, Sean Reardon, ya nuna a 2011 cewa tazarar da ke tsakanin ɗan mai kuɗi da ɗan talaka ta ƙaru da kusan kashi 30 zuwa 40 cikin ɗari ga yaran da aka haifa a 2001 in an kwatanta da waɗanda aka haifa shekara 25 kafin nan. Kuma abin da ya fi ɗaga min hankali a matsayina na malama, yawancin tazarar nan da ita yara ke shigowa makaranta tun ranar farko. Ina ganinta da idona duk watan Satumba. Yaro ɗaya ya zo ya san haruffa duka, an karanta masa littattafai tun yana goye, wani kuma ya zo bai taɓa riƙe fensir ba, ba dan ba shi da kai ba, uwarsa aikin dare take yi ubansa yana kan mota tun asuba. Ba makaranta ce ta haifi tazarar ba, tun 1966 wani babban bincike kan makarantun Amurka da ake kira rahoton Coleman ya faɗi cewa halin gida yana da nauyi sosai a sakamakon yaro. Amma makaranta ce kaɗai wurin da hukuma ke riƙe da yaron awa shida da wani abu a rana, kwana 180 a shekara, to in ba a nan aka gyara ba a ina za a gyara.

Yanzu ga hujjar da duk mai goyon bayan rage aji yake dogara da ita. A jihar Tenesi, daga 1985 zuwa 1989, an yi wani gwaji mai suna STAR, makarantu 79, yara kusan 11,600, daga ajin share fage zuwa aji uku. Abin da ya sa gwajin nan ya fi sauran daraja shi ne ƙuri'a aka yi. Ba iyaye ne suka zaɓa ba, ba shugaban makaranta ba, ƙuri'a ce ta raba yara da malamai gida uku: ƙaramin aji mai yara 13 zuwa 17, aji na yau da kullum mai 22 zuwa 25, sai kuma aji na yau da kullum da aka ƙara masa mataimakiyar malama. Kin ga ke nan babu mai cewa ai yaran ƙaramin ajin dama can sun fi ƙoƙari, ko malamarsu dama ta fi iyawa. Sakamako ya fito, yaran ƙaramin aji sun wuce sauran a karatu da lissafi, masana suka ƙiyasta abin da kamar ƙarin karatun wata uku. Kuma ribar da baƙaƙen fata da 'ya'yan talakawa suka samu ta fi ta sauran, a wasu ma'aunan ma ta kusa ninki biyu. To wannan shi ake nufi da rage tazara, kowa ya ƙaru amma na baya ya fi ƙaruwa.

Ba a tsaya nan ba, an ci gaba da bin yaran har suka girma. Alan Krueger da Diane Whitmore suka gano cewa waɗanda suka yi ƙaramin aji sun fi zama jarrabawar shiga jami'a, musamman baƙaƙen fata, har tazarar da ke tsakaninsu da farare wajen zama jarrabawar ta ragu da fiye da rabi. Daga baya wasu suka duba suka ga sun fi shiga jami'ar ma. Ki duba fa, abin da aka yi wa yaro yana ɗan shekara biyar zuwa takwas, shi ne yake bin sa har shekara goma sha takwas. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, iyayenmu sun riga masu bincike faɗa.

Akwai abu biyu a cikin gwajin nan da ba a cika ambata ba kuma ina so ki riƙe su. Na farko, ajin da aka ƙara wa mataimakiya bai nuna wani bambanci na a zo a gani ba. Dan haka in makaranta ta ce miki ai su 28 ne amma akwai mataimakiya, to alheri ne, tana rage wa malama wahala, amma ba daidai yake da ƙaramin aji ba. Na biyu, mafi yawan ribar a shekarar farko da yaro ya shiga ƙaramin aji ake samunta, shekarun baya ƙari kaɗan-kaɗan ne.

Me ya sa yake aiki? Nan kam ba sai na buɗe takarda ba, abin da nake yi ne kullum. Koyar da ƙaramin yaro karatu ba wa'azi ba ne da za ki tsaya gaban allo ki yi wa mutum ɗari su ji. Sai kin zauna kusa da shi kin saurari bakinsa yana haɗa harafi da harafi, ki ji a ina yake tuntuɓe, wannan yana rikita b da d, wancan yana cinye ƙarshen kalma, waccan ita hoton take kallo tana cankar abin da aka rubuta kuma in ba ki lura ba sai ki ɗauka ta iya. Ina raba su rukuni-rukuni na yara huɗu ko biyar. In su 28 ne rukuni shida ke nan, a lokacin karatu na rana ɗaya in na yi ƙoƙari in zauna da rukuni uku, ma'ana ɗanki zai zauna a gabana sau biyu ko uku a sati, minti goma sha biyar-biyar. In su 17 ne rukuni huɗu ne, kusan kullum sai na ji bakinsa. Akwai shekarar da na yi da yara 30, akwai kuma wadda na yi da 18, kuma ni ɗin dai ce, ilimina bai canza ba, amma a shekarar 18 ɗin kafin hutun ƙarshen Nuwamba na san matsalar kowane yaro da sunanta, a shekarar 30 kuwa akwai wata yarinya shiru-shiru, ba ta rigima ba ta tambaya, sai a watan Fabrairu na gane ashe allon ma ba ta gani sosai, tabarau take buƙata. Wata biyar. Har yau abin yana ci min rai. A babban aji yaro mai rigima da yaro mai ƙoƙari su ake gani, na tsakiya mai kunya shi ke ɓacewa, kuma 'ya'yanmu da aka yi musu tarbiyyar kar su kalli babba ido cikin ido, kar su yi magana sai an tambaye su, su ne suka fi saurin ɓacewa. Ɗan mai kuɗi in malama ba ta gan shi ba akwai mai koya masa a gida ana biya, ɗan talaka abin da ya samu a aji shi ke nan.

To in haka ne me ya hana a rage ko'ina? Kuɗi, da malamai, da ɗakuna. Lissafin ba wuya, yara 120 in 30-30 ne malami huɗu ɗaki huɗu, in 20-20 ne malami shida ɗaki shida, ƙarin rabi ke nan a kan abin da kike da shi. Kuma malami ba a sayo shi a kanti.

Ga labarin da na ce zan ba ki. A 1996 jihar Kalifoniya, lokacin gwamna Pete Wilson, ta ga sakamakon Tenesi ta ce ita ma za ta yi, daga share fage zuwa aji uku kar a wuce yara 20, alhali a da suna kusan 30. Aka ce duk gundumar da ta yi za a ba ta dala 650 kan kowane yaro. Kuma cikin gaggawa aka yi, a watan Yuli aka sa hannu, ana 'yan makonni a koma makaranta. Cikin shekara biyu sai da aka ɗauki sababbin malamai sama da dubu 20. Ina aka samo su? Malaman da ba su da cikakkiyar takardar koyarwa a waɗannan azuzuwan suka tashi daga ƙasa da kashi 2 cikin ɗari zuwa sama da kashi 12. Amma ba a nan gizo ke saƙar ba, tambayar ita ce a wace makaranta suka sauka. Da aka buɗe guraben aiki ko'ina lokaci guda, har da unguwannin masu kuɗi, ƙwararrun malaman da suka daɗe suna fama a unguwannin talakawa suka samu ƙofa suka koma can, albashi ya fi, wahala ta ragu, gida ya fi kusa, kuma ni ba zan zarge su ba dan na san gajiyar. Sai makarantun talakawa suka cika da sababbin shiga da waɗanda ba su gama horo ba, a mafi talaucinsu kusan malami ɗaya cikin biyar. Ga kuma matsalar ɗaki, makarantun cikin gari dama a cushe suke, aka riƙa mayar da laburare da ɗakin kwamfuta da ɗakin kiɗa aji, wasu ma suka makara wajen shiga shirin dan babu inda za su sa yaran, kin ga kuɗin ya fara zuwa wurin masu fili. Christopher Jepsen da Steven Rivkin da suka yi nazarin abin daga baya sun ga ƙaramin ajin ya ƙara maki, amma raunin sababbin malaman ya cinye wani ɓangare na ribar, kuma a makarantun da baƙaƙen fata suka fi yawa abin ya fi tsanani. An yi gudun gara an faɗa gidan zago. A Tenesi makaranta 79 ce, ana iya samun malamai ba tare da an girgiza kasuwa ba, Kalifoniya kuwa jiha ce guda mai miliyoyin yara.

Filorida ma ta bi sahu, a 2002 masu zaɓe suka sa abin a kundin tsarin mulkin jihar: 18 har zuwa aji uku, 22 daga aji huɗu zuwa takwas, 25 a babbar sakandare. An kashe biliyoyin dala, kuma binciken da Matthew Chingos ya yi a kan yaran aji uku zuwa takwas bai ga wani tasiri mai yawa a maki ba. Duk da haka da aka koma wa masu zaɓe a 2010 a sassauta dokar ba a samu kashi 60 ɗin da ake buƙata ba, iyaye suna son ƙaramin aji, kuma suna da dalilinsu, ba komai ne jarrabawa ke aunawa ba. Akwai kuma binciken Caroline Hoxby a Konetikat da shi ma bai ga tasiri ba. Ina faɗa miki waɗannan ne dan kar ki je taro wani ya kawo su ki ɗauka ƙarya yake, gaskiya ne akwai su. Abin da na fahimta in aka haɗa duka, hujja mai ƙarfi tana wajen ƙananan yara da ragi mai yawa, in aka haura manyan azuzuwa ko aka rage daga 26 zuwa 24 hujjar sai ta yi rauni.

Faransa ita ta ɗauki wata hanyar da ni ta fi kwanta min. A 2017 suka raba ajin farko na firamare biyu, yara kamar 12 a aji, amma a makarantun unguwannin da suka fi talauci kaɗai suka fara, daga baya aka faɗaɗa zuwa aji na biyu da sauran makarantun marasa galihu. Sakamakon ya nuna ci gaba, duk da bai kai yadda aka yi buri ba. Amma dai kuɗin ya tafi inda ciwon yake.

Yanzu mu dawo gida Niyok, ga dokar da aka faɗa miki. Gwamna Kathy Hochul ta sa mata hannu a Satumba 2022, kuma birnin Niyok kaɗai ta shafa. Ta ce share fage zuwa aji uku kar a wuce 20, aji huɗu zuwa takwas 23, babbar sakandare 25. Kafin ita iyakar da ke cikin yarjejeniyar ƙungiyar malamai ita ce 25 a share fage, 32 a sauran azuzuwan firamare, 34 a babbar sakandare, shi ya sa 28 ɗin ajin ɗanki a tsohon tsari ba laifi ba ne. Maganar ma ba sabuwa ba ce, tun 2003 babbar kotun jihar ta yanke hukunci cewa ana tauye wa yaran birnin haƙƙinsu na ingantaccen ilimi, kuma cunkoson aji yana cikin abubuwan da ta ambata. Da aka kafa dokar an tsara ta shiga a hankali, kashi 20 cikin ɗari na azuzuwa duk shekara daga 2023 har a kammala a 2028. Ki lura da wannan sosai Hajiya, kason na birnin ne gaba ɗaya, ba na kowace makaranta ba. Birni yana iya cika sharaɗin shekara alhali ajin ɗanki yana nan a 28. Akwai kuma hanyar neman uzuri, misali in makaranta ba ta da ɗaki ko an rasa malamin wani fanni. Sannan makarantun cata, wato waɗanda gwamnati ke ba kuɗi amma masu zaman kansu ke gudanarwa, ba sa cikin dokar, in ɗanki a irinsu yake to ba ta hau kansu ba.

Ofishin kasafin kuɗi mai zaman kansa na birnin ya ƙiyasta za a buƙaci ƙarin malamai kusan 17,700, da dala biliyan 1.6 zuwa 1.9 duk shekara. A 2025 an sanar da kuɗin ɗaukar malamai 3,700. Kin ga inda tsorona yake, lambar nan ta 17,700 tana tuna min Kalifoniya. Kuma akwai wani abu da mutane da yawa ba su sani ba, a Niyok makarantun da suka fi talauci da yawansu dama azuzuwansu sun fi ƙanƙanta, saboda tsarin rabon kuɗi yana ba su ƙari kuma wasu ɗalibansu sun ragu, manyan azuzuwan sun fi yawa a makarantun da kowa ke rububin shiga, a unguwannin da suka fi hali. To in doka ta ce kowa 20, ina sabon kuɗin zai fi kwarara? Wurin waɗanda suka fi nisa da 20, wato su. Dokar ta ce a fifita makarantun talakawa, amma rubutu daban aiwatarwa daban. In makarantun masu hali suka buɗe gurabe dubbai, malamar da ta yi shekara goma a Bronks ta ƙware tana iya tafiya, a kawo wa ɗanki wadda ta fito daga horo jiya. Ba raina sabuwar malama nake ba, kowa da ranar farkonsa, amma shekara biyu ukun farko koyon aikin ake yi, kuma bai kamata kullum a kan 'ya'yan talakawa ake koyo ba. Ni in aka ce in zaɓa wa ɗana tsakanin ƙwararriyar malama mai yara 25 da sabuwa fil mai yara 19, ƙwararriyar zan ɗauka. In kuwa malaman daidai suke, 19 ɗin ba ko tantama.

Kin tambaya ko zancen ƙungiyar malamai ne. Ƙungiya tana da riba a ciki, ƙarin malamai ƙarin mambobi ne, babu amfanin ɓoyewa. A 2019 malaman Los Anjalas da na Cikago duk sun yi yajin aiki kuma yawan yara a aji yana cikin manyan buƙatunsu. Amma dan mutum yana da riba a magana ba shi ke sa ta zama ƙarya ba, gwajin Tenesi ba ƙungiya ce ta ƙirƙiro sakamakonsa ba. Ina goyon bayan dokar, abin da nake so iyaye irinmu su sa wa ido shi ne wa aka fara yi wa, kuma wa aka sa a gaban allon.

Kuma kar mu ɗora wa ƙaramin aji abin da ba zai iya ɗauka ba. Ko a Tenesi rage tazara ya yi, bai share ta ba. Jihar Misisipi, ɗaya daga cikin mafi talauci a ƙasar, a 2013 tana ta 49 cikin jihohi a karatun aji huɗu, zuwa 2024 ta dawo ta 9, kuma ba da dokar rage aji ta yi ba, sake horar da malamai ta yi a kan koyar da karatu ta hanyar sautin haruffa, ta tura masu horarwa cikin makarantu, ana gwada yara da wuri a gano mai matsala. Akwai kuma koyarwa ta musamman, malami ɗaya da yaro biyu ko uku, sau uku ko fiye a sati a cikin lokacin makaranta, wannan hujjarta tana da ƙarfi ƙwarai, kuma ita ba sai an gina ɗaki ba. Ga yaron da ya riga ya kai aji biyu yana fama, wannan ta fi saurin kai masa agaji a kan jiran doka.

Na san 'yan'uwa na gida za su karanta wannan su ce ku da kuke kukan 28, mu fa da muke da ɗari a aji ana zaune a ƙasa. Gaskiyarku ne, na tsaya a gaban irin wannan ajin kafin in zo nan, manufar ilimi ta Najeriya 35 ta ce a firamare amma kowa ya san abin da ke ƙasa. Sai dai ko a can darasin ɗaya ne. A yammacin Kenya daga 2005 an gwada raba ajin farko mai yara sama da 80 gida biyu ta hanyar ɗaukar ƙarin malami na kwantiragi, yaran da suka faɗa hannun sabon malamin makinsu ya ƙaru, amma waɗanda suka rage a hannun malaman gwamnati ragin kaɗai bai ɗaga makinsu sosai ba, wasu malaman ma da suka ga an samu mai taimako sai suka rage shiga aji. In salon koyarwa bai canza ba, ana rera wa yara 40 abin da ake rera wa 80, ragin ba ya haifar da komai.

To ke yanzu me za ki yi, tunda ɗanki ba zai tsaya a aji biyu yana jiran dokar ta kammala ba. Aji uku ake fara jarrabawar jiha, kuma daga nan ake sa ran yaro ya riga ya iya karatu, darussa sun koma karanta ka fahimta, dan haka shekarar nan tana da tsada. Ki nemi ganin malamarsa, kar ki jira ranar taron iyaye. In Turanci yana miki nauyi kina da haƙƙin a samo miki tafinta kyauta, ki faɗa wa jami'ar hulɗa da iyaye, kowace makarantar gwamnati a birnin tana da ita, kuma dan Allah kar ki sa yaron ko yayansa su zama tafintanki a maganar da ta shafe shi. Ki tambayi malamar abu uku: gwajin karatun da ake yi musu a farkon shekara me ya nuna a kansa, a ina takamaimai yake tuntuɓe, sautin haruffa ne ko saurin karatu ko fahimta, sannan sau nawa a sati yake zama a ƙaramin rukuni kuma da wa. In aka ce miki ai yana ƙoƙari, zai kamo, kar ki karɓa, ki ce a nuna miki a takarda. In an sa shi cikin masu koyon Turanci ki tambaya minti nawa yake samu a sati, dan doka ta ƙayyade. In kuma an yi wata biyu uku ana taimaka masa babu motsi, ki rubuta wasiƙa ki nemi a yi masa cikakken gwaji, kyauta ne, kuma ba abin kunya ba ne, na san mutanenmu suna tsoron a ce yaro yana da matsala amma gano ta da wuri shi ne gata. Ki kai shi a duba idonsa da kunnensa kuma, saboda yarinyar nan da na ba ki labari.

A gida ki ci gaba da yi masa Hausa, ki yi masa tatsuniya, ki sa shi ya ba ki labarin abin da ya faru a makaranta daga farko har ƙarshe, yaron da harshen gidansa ya zauna ya fi saurin kama na biyu. Ki sa ya karanta miki da ƙarfi minti goma sha biyar kullum ko da ba kya gane duk abin da yake karantawa. Sai maganar fashi, wadda ita ce tamu ta musamman, tafiya gida a tsakiyar zango a yi wata guda ko a makara dawowa bayan dogon hutu. Kwana 18 a shekara kawai in yaro ya rasa an sa shi cikin masu yawan fashi, kuma ko su goma ne a ajin malama ba za ta koyar da kujerar da babu kowa ba.

Batun dokar kuwa, kowace makaranta tana da kwamitin jagoranci da rabin mambobinsa iyaye ne, a nan ake maganar tsarin makaranta da yadda kasafi zai bi shi, kuma kowa yana iya zuwa ya saurara. Ki je, ki ja wasu matan unguwa ku je tare. Ku tambayi shugaban makaranta ko ya nemi kuɗin rage aji, in an ba shi da wane aji zai fara, ku ce share fage zuwa aji biyu kuke so a fara, ku tambaya wane ɗaki za a karɓe dan a yi sabon ajin, sannan malaman da za a sa a ƙananan azuzuwan shekara nawa suka yi suna koyarwa. In kin samu sakamakon gwajin nasa ki turo min ta akwatin saƙo, ki rufe sunansa, in duba in faɗa miki irin taimakon da za ki nema masa.